Gyaran Haske a Hoto: Darasi Daga Zanen Duwatsun Birnin Kudu

Gabatarwa

A hunturun bara wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyar da ilmin halittu a wata makarantar sakandare ta wajajen Dingaya cikin ƙaramar hukumar Gwaram, ya kwashi ɗalibansa suka tafi Birnin Kudu domin su gane wa idonsu zanen shanun da mutanen da suka bari a jikin duwatsu. Sun ga zanen, sun ɗauki hotuna da wayar salula, sun koma gida cike da murna. Amma da aka zo nuna hotunan ga waɗanda ba su sami zuwa ba, sai murna ta koma ciki. A wasu hotunan babu abin da ake gani sai fuskar dutse toka-toka. A wasu kuwa bakin kogon ya yi fari fat, cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Sai ya aiko mini da hotunan tare da tambaya: "Malam, mun gan su da idonmu, to ina shanun suka shiga?"

Amsar ita ce, a mafi yawan hotunan shanun suna nan ba su je ko'ina ba, sun dai ɓuya ne a cikin lambobin da hoton ya ƙunsa. Wannan darasi zai bayyana dalilin ɓuyarsu, da yadda ake fito da su ta amfani da manhajar gyaran hoto a kwamfuta, da kuma iyakar da mai gaskiya ba ya ƙetarewa a wajen wannan gyara.

Zanen da ake magana a kai

Mutanen Birnin Kudu sun daɗe da sanin waɗannan zane-zane, amma labarinsu bai shiga littattafan masana ba sai a cikin shekarun 1950, lokacin da Bernard Fagg, Baturen nan da ya yi fice wajen binciken kayan tarihin Nok, ya nazarce su, ya kuma gabatar da bayaninsu a wani taron masana tarihin Afirka da aka yi a Livingstone, cikin Zambiya ta yau, a 1955. Daga cikin wuraren akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, kuma suna cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare. A kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su suke ƙara kamar kuge.

Abin da ya fi jan hankalin masanin halittu shi ne, shanun da aka zana, galibi da jan launi, ba su da tozo. Shanun da muka saba gani yau a Jigawa, irin su Bunaji da Rahaji, duk masu tozo ne. Marasa tozo sai dai muturu, wadda ta fi yawa a kudancin ƙasar nan saboda jurewarta ga cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, ko kuma shanun Kuri masu manyan ƙahoni na tafkin Cadi. Ashe ke nan layin da ya zana gadon bayan saniya a jikin dutsen nan shaida ce a kan irin dabbobin da aka taɓa kiwo a ƙasarmu. Hoton da ya ɓata wannan layi, ko ya ƙara masa abin da babu, ya ɓata shaida.

Me ya sa ido ya gani, kyamara ta kasa?

Hasken rana tsaka yakan kai kimanin luks 100,000, alhali hasken farin wata, ko da ya cika, bai kai luks 1 ba. Duk da wannan tazara mai ban mamaki, idon ɗan Adam yana aiki a yanayin biyu. Yana yin haka ne ta hanyoyi uku.

Ta farko, ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido takan tsuke zuwa kimanin milimita 2 a cikin haske, ta buɗe zuwa kimanin milimita 8 a cikin duhu. Faɗinta ya ninka sau 4 ke nan, hasken da ke shiga kuwa ya ninka sau 16.

Ta biyu, a can ƙuryar ido akwai wani tantani da masana ke kira retina, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta iri biyu masu karɓar haske. Masu siffar sanda sun haura miliyan 90, su ne ke aiki cikin duhu. Masu siffar mazurari kimanin miliyan 5 ne, su ne ke aiki da rana, su kuma ke rarrabe launi. Waɗannan ƙwayoyi sukan sauya ƙarfin jinsu gwargwadon hasken da suka tarar. Shi ya sa in ka shiga ɗaki daga rana ba ka ganin komai da farko, sai a hankali. Cikakken sabo da duhu yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. Sinadarin da masu siffar sanda ke aiki da shi daga bitamin A jiki ke yin sa, don haka ne ƙarancin wannan bitamin ke jawo dundumi.

Ta uku, ido da ƙwaƙwalwa ba awon haske tsagwaronsa suke yi ba, kwatanta shi suke yi da na maƙwabcinsa. Tun kusan shekara dubu da suka wuce, Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya lura a littafinsa Kitabul Manazir cewa taurari na ɓacewa da rana ne saboda haske mai ƙarfi na danne mai rauni. A ƙarni na 19 Ernst Weber da Gustav Fechner na Jamus suka nuna cewa ƙarin da muke iya ji ya danganta da yawan abin da ke akwai tun farko: aci-balbal ɗaya na sauya ɗaki mai duhu, amma in ka kunna ta a tsakar gida da azahar babu wanda zai lura. Daga baya Haldan Hartline, wanda ya sami kyautar Nobel a 1967, ya nuna cewa ƙwayoyin ido da ke maƙwabtaka suna danne juna, abin da ke sa gefen abu ya fito fili fiye da yadda yake a zahiri.

To ɗalibin da ya tsaya a gaban zane, idonsa ya saba da inuwar kogon, ƙwaƙwalwarsa kuma ta ƙara wa layukan kaifi. Kyamara kuwa takan zaɓi awo guda ga dukan abin da ke gabanta. In ta auna da hasken waje, cikin kogo ya yi baƙi. In ta auna da inuwa, waje ya ƙone. Daɗin daɗawa, a lokacin hunturu ƙurar hazo takan warwatsa haske ta lulluɓe komai da wani fari-fari, sai baƙi ya daina zama baƙi. Wayoyin zamani sukan ɗauki hotuna da yawa a jere su haɗa su don rage wannan matsala, amma ba kullum dabarar ke wadatarwa ba.

Hoto lissafi ne

Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, an jera su layi-layi kamar saƙar tabarma. A hoton da aka saba da shi, kowane ɗigo na ɗauke da lambobi uku: na ja, na kore da na shuɗi. Kowace lamba tana tsakanin 0 da 255, wato matakai 256 ke nan. Sifili shi ne duhu, 255 shi ne iyakar haske. In dukan ukun sun zama 0, ɗigon baƙi ne. In sun zama 255, fari ne. Haɗuwar ukun na iya ba da launi 16,777,216.

Manhajar gyaran hoto takan ƙirga ɗigo nawa ne suka faɗa kowane mataki, ta zana sakamakon a wani jadawali mai kama da tuddai wanda ake kira histogiram. Hagunsa duhu ne, damansa haske. Wanda ya iya karanta wannan jadawali ya san ciwon hoto kafin ya ba shi magani. In tudun ya taru a hagu, hoton ya yi duhu. In ya taru a dama, haske ya yi yawa. In ya cure a tsakiya ya bar gefe biyu fayau, hoton ya dusashe, kuma wannan shi ne ciwon yawancin hotunan da aka aiko mini. In kuwa ka ga tudun ya jingina da bangon hagu ko na dama ya miƙe tsaye, to wani sashe na hoton ya riga ya ƙone, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi.

Haske, bambanci da faɗin matakai

Abubuwa uku ne ake yawan ruɗa su, alhali kowanne da aikinsa. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce a wani hoto ɗigon da ya fi duhu yana kan 70, wanda ya fi haske yana kan 160. Fuskar dutsen tana kan 120, zanen saniyar kuma yana kan 112. Tsakaninsu mataki 8 ne kacal daga cikin 256.

Na farko shi ne ƙarin haske. A asalin lissafinsa, tarawa ce kawai: a ƙara adadi ɗaya a kan kowane ɗigo. In muka ƙara 40, dutse ya koma 160, zane ya koma 152. Hoton ya yi haske, amma tazarar tana nan 8. Saniya ba ta fito ba. In kuwa muka matsa muka ƙara 150, dutse da zane duk za su wuce 255, manhaja ta tsayar da su a nan, su zama fari ɗaya. Mun kashe saniyar da hannunmu ke nan.

Na biyu shi ne ƙarin bambanci. Wannan ninkawa ce: a ɗauki tsakiyar ma'auni, wato 128, a tura abin da ke samansa sama, abin da ke ƙasansa ƙasa. In muka ninka nisan kowane ɗigo daga 128 sau ɗaya da rabi, dutse ya koma 116, zane ya koma 104, tazara ta zama 12. An sami ci gaba. Sai dai a hoton da ke da wurare masu haske ko duhu sosai akwai hasara: ɗigon da ke kan 230 zai haura 255, wanda ke kan 30 zai faɗi ƙasa da sifili, duk su ɓace. Wasu manhajojin zamani sun tausasa wannan lissafi don rage ɓarna, amma tushensa ke nan.

Na uku, kuma mafi amfani, shi ne gyaran faɗin matakai. A manhajoji irin su Photoshop, wadda ta fito a 1990, da GIMP, wadda ake samu kyauta tun 1996, sunan wannan ma'auni Levels. A ƙarƙashin jadawalin tuddan za ka ga 'yan alamu uku: baƙa a hagu, fara a dama, mai ruwan toka a tsakiya. In ka jawo baƙar zuwa 70, farar zuwa 160, ka ce wa manhaja ke nan ta mai da 70 sifili, ta mai da 160 ya zama 255, ta shimfiɗa sauran a tsakani. Lissafin shi ne: a cire 70 daga lambar ɗigo, a ninka da 255, a raba da 90. Dutse ya koma 142, zane ya koma 119. Tazarar da take 8 ta zama 23, kusan ninki uku, ba tare da an ƙona ɗigo ko ɗaya ba.

Alamar tsakiya kuwa ita ke sarrafa abin da ake kira gama. Tana haskaka ko duhunta matakan tsakiya ba tare da taɓa baƙi da fari ba. Alal misali, in aka sa ta a kan 2, ɗigon da ke kan 64 zai koma kimanin 128, alhali 0 na nan 0, 255 na nan 255. Ita ce maganin hoton da cikin kogonsa ya yi duhu amma bai kai ga ƙonewa ba. Akwai kuma ma'aunin da ake kira Curves, wanda ke ba ka layi ka lanƙwasa yadda kake so. Aikinsa ɗaya da na baya, sai dai ya fi ba da iko, ya kuma fi saurin kai mai gaggawa ga ɓarna.

A nan akwai abin lura mai muhimmanci. Daga 70 zuwa 160 matakai 91 ne. Bayan shimfiɗawa ma matakai 91 ne, an dai ware su ne a kan 256, shi ya sa sabon jadawalin ke fitowa da giɓi-giɓi kamar haƙoran matsefi. Manhaja ba ta ƙara wani sabon bayani ba, wanda ke akwai ta buɗe don ido ya iya gani. Haka kuma ba zanen kaɗai ta ƙarfafa ba: ƙyasfin dutse, da tabon ruwan sama, da gurbin gidan zanzaro, duk sun ƙaru tare da shi.

Asirin launi

Jan abu ja ne domin yana mayar da jan haske, yana shanye mafi yawan kore da shuɗi. Saboda haka, in ka raba hoto gida uku ka dubi kason ja shi kaɗai, jan zane zai kusan narkewa cikin dutse. In ka dubi kason kore, zanen zai fito da duhu sosai fiye da dutsen. Wannan 'yar dabara ita ta fito da ƙahonin saniya a hotuna biyu daga cikin waɗanda aka aiko mini.

Masu binciken zanen duwatsu sun wuce nan. A 1978 masana a cibiyar JPL ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka suka bayyana wata hanyar lissafi mai faɗaɗa ƙananan bambance-bambancen launi a hotunan da ake ɗaukowa daga sama, wadda daga baya aka yi amfani da ita a hotunan duniyar Mas. A 2005 Jon Harman ya mai da ita wata manhaja mai suna DStretch, wadda ke aiki a cikin ImageJ, manhajar da masana halittu ke auna hotunan madubin ƙara girma da ita. Da ita aka gano zane-zanen da suka dusashe a ƙasashe da dama. Sai dai launukan da take fitarwa ba na gaskiya ba ne, don haka a kullum akan ajiye hoton asali a gefen wanda aka gyara.

Yadda za ka yi, mataki-mataki

Rigakafi ya fi magani, don haka gyara na farawa ne tun a gindin dutse. Goge gilashin kyamara. Matsa yadda sararin sama da bakin kogo ba za su shiga hoton ba. Taɓa wurin zanen a fuskar waya domin ta auna haske da shi. Kada ka kunna walƙiyar kyamara kai tsaye, domin ƙyallinta na wanke launi. Wani ya riƙe rula da 'yar takarda mai rabi fari rabi baƙi kusa da zanen, ba tare da taɓa dutsen ba, su shiga hoton. Da su za ka san girman zanen, ka kuma san inda baƙi da fari na gaskiya suke.

A gaban kwamfuta kuma sai ka bi wannan tsari:

1. Kwafi hoton, ka adana na asali, kada ka taɓa shi.
2. Buɗe jadawalin tuddai ka karanta shi kafin ka motsa komai.
3. Jawo baƙar alama da farar alama zuwa gindin tudun, kada ka shiga cikinsa.
4. Motsa alamar tsakiya kaɗan-kaɗan har inuwa ta buɗe.
5. Dubi kason kore shi kaɗai, ka kwatanta da cikakken hoton.
6. Rubuta lambobin da ka yi amfani da su a littafinka.
7. Adana aikinka a tsarin PNG ko TIFF, domin tsarin JPEG na zubar da wani abu daga hoton duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa.

Iyakar gyara

Hausawa na cewa garin gyaran gira akan rasa ido. A ɗaya daga cikin hotunan, da na matsa bambanci fiye da kima, sai wani tabo da ke saman kafaɗar saniyar ya haɗe da layin bayanta, ya fito tamkar tozo. Da wani ya ga wannan hoto shi kaɗai, da ya rantse Bunaji aka zana, kuma da darasin da zanen ke koyarwa ya juye baki ɗaya. Hoton asali ne ya warware rikicin, domin a cikinsa launin tabon ya sha bamban da na zanen.

Wannan haɗari ba a kan zanen dutse kaɗai ya tsaya ba. A 2002 wata mujallar nazarin ƙwayoyin halitta ta Amurka mai suna Journal of Cell Biology ta fara bincikar hotunan da masana ke aiko mata kafin ta buga su, a 2004 kuma Mike Rossner da Kenneth Yamada suka bayyana ƙa'idojin da mujallu da yawa ke bi a yau. Taƙaicensu shi ne: an yarda a gyara haske da bambanci muddin an yi wa dukan hoton ne, kuma gyaran bai ɓoye ko shafe wani abu da ke cikin na asali ba, ba a yarda a ƙara, ko a goge, ko a matsar da wani sashe ba, gyara irin na gama kuwa dole a faɗa cewa an yi shi. Ɗalibin da ya saba da waɗannan ƙa'idoji tun yana sakandare ya koyi riƙon amana, wanda shi ne ginshiƙin kimiyya.

Akwai kuma wata amanar. Wasu masu ziyara sukan watsa wa zane ruwa, ko su bi layinsa da alli, wai don ya fito a hoto. Ruwa na jawo gishirin dutse ya taso ya ɓantare launi, alli kuma na gurɓata zanen ya hana a yi masa awon kimiyya nan gaba. Duk abin da ruwa zai fito da shi, manhaja za ta fito da shi ba tare da ɓarna ba. A gyara hoto, a bar dutse yadda aka same shi.

Aikin gwaji ga aji

1. A wani hoto ɗigo mafi duhu yana kan 50, mafi haske yana kan 200. Dutse na kan 140, zane na kan 125. Lissafa inda kowanne zai koma bayan an shimfiɗa matakai daga 0 zuwa 255. (Amsa: 153 da kimanin 128.)
2. Yanko gutsure biyu daga takarda ɗaya mai ruwan toka. Ɗora ɗaya a kan farar takarda, ɗaya a kan baƙa. Wanne ya fi haske a idonka? Me wannan ya nuna game da dogaro da ido kaɗai wajen gyaran hoto?
3. Rufe ido ɗaya da tafin hannu na minti 20, sannan ka shiga ɗaki mai duhu ka gwada gani da kowane ido daban. Bayyana abin da ya faru.
4. Ɗauki hoton ganyen kuka ko na dogonyaro sau biyu, ɗaya a rana tsaka, ɗaya a inuwa. Kwatanta jadawalin tuddansu. A wanne jijiyoyin ganyen suka fi fitowa bayan gyara?

Ga malamai: aiki na 2 da na 3 ba sa bukatar lantarki ko kwamfuta, na 4 kuma ana iya yin sa da waya guda, domin akwai manhajojin waya na kyauta masu nuna jadawalin tuddai.

Kammalawa

Daga hotuna goma sha ɗaya da tsohon ɗalibina ya aiko, takwas sun gyaru, shanun sun fito da ƙahoninsu da miƙaƙƙen gadon bayansu. Uku kuwa sun riga sun ƙone tun a wurin ɗauka, babu abin da za a yi musu sai a sake komawa. Na mayar masa da kowane hoto kafaɗa da kafaɗa da na asali, tare da lambobin da na yi amfani da su, domin ɗalibansa su maimaita aikin da kansu, su tabbatar ban ƙara komai ba. Ina fata sauran makarantun Gwaram da Birnin Kudu, waɗanda Allah ya ajiye wa wannan taska a ƙofar gida, za su riƙa kai ɗalibansu, da izinin masu kula da wurin, su ɗauki hotuna bisa ƙa'ida, su rubuta kwanan wata, su adana. Zanen na ƙara dusashewa, kuma hoton gaskiya da ɗalibi ya ɗauka bana na iya zama abin da masanin gobe zai dogara da shi.